Matatar Cambus: Wiskin da Ya Ci Shari'a Ya Rasa Gida

Gabatarwa

A tsakiyar ƙasar Sikotilan, can arewacin Birtaniya, akwai wani ƙauye mai suna Cambus a gundumar Clackmannanshire, kusa da garin Alloa. A daidai nan ne ƙaramin kogin Devon yake zubawa cikin babban kogin Forth. Sunan ƙauyen ya samo asali daga wata kalma ta Gelik, tsohon harshen mutanen tsaunukan ƙasar, wadda take nufin lanƙwasar kogi. Ƙauyen bai taka kara ya karya ba ta fuskar girma, amma daga 1806 zuwa 1993 shi ne mazaunin ɗaya daga cikin fitattun matatun barasa na ƙasar. Sunan wannan matata ya taɓa fitowa ɓaro-ɓaro a jaridun Landan, a lokacin da alƙalai da ƴan kasuwa da masana suke ta muhawara a kan ma'anar kalma guda ɗaya, wato "wiski".

Ko wanda babu ruwansa da barasa zai tsinci abin lura a wannan tarihi, domin labari ne na masana'anta da haraji, da na yadda doka take yanka wa kalma iyaka. Cambus ta ɗaukaka ne saboda ta iya samar da barasa mai yawa a kan kuɗi kaɗan. Wannan ma'auni shi ya raine ta, kuma da shi aka auna ta ranar da aka rufe ta.

Wiski iri biyu

Kafin a shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san abin da ake tatawa. Kalmar wiski ta fito daga wani furuci na Gelik mai ma'anar "ruwan rai". Asalin yinsa shi ne a jiƙa sha'ir har ya tsiro, kamar yadda ake tsirar da dawa ko gero, sannan a busar da shi, a niƙa, a dama da ruwan zafi. Tsiron yana ɗauke da wani sinadari da yake mayar da sitacin hatsi sukari. Sai a zuba yisti, a bar ruwan ya tsima kwana biyu ko uku har ya zama wata irin giya marar ƙarfi. Daga nan sai tata. Barasa tana tafasa a wajen digiri 78 na ma'aunin zafi, ruwa kuwa sai ya kai 100. Saboda haka idan aka ɗora tsimin a wuta, tururin da ya fara tashi ya fi ɗauke da barasa. In aka tare shi aka sanyaya, sai ya koma ruwa mai ƙarfi.

Tsohuwar hanya ita ce a yi wannan aiki a cikin tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya. A cika ta, a hura wuta, a tace, a sauke, a wanke, sannan a sake sabon lale, kuma sai an tace sau biyu. Aikin yana cin lokaci da makamashi, amma abin da yake fitowa yana da kaurin ɗanɗano da ƙamshi, kuma na kowace matata daban yake. Wannan shi ne wiskin tsiro.

Na biyun shi ne wiskin hatsi. Akasarin abin da ake yin sa da shi masara ce ko alkama wadda ba a tsirar ba. Ana dafa ta, a ƙara mata ɗan tsiron sha'ir domin ya fitar da sukarin, sannan a tace tsimin a cikin wani inji da yake aiki dare da rana ba tsayawa. Abin da yake fitowa ya fi ƙarfi, ya fi araha, amma ɗanɗanonsa sassauƙa ne. Irin wannan Cambus ta shahara da shi.

Yankin Alloa da iyalan Moubray

Ba banza ba matatu suka yawaita a wannan yanki. Akwai kwal a ƙarƙashin ƙasa, ruwa yana gangarowa daga tsaunukan Ochil, ga gonakin hatsi a kwarin Forth, ga kuma tashar jiragen ruwa a Alloa. Tun a ƙarni na 18 iyalan Stein suka kafa manyan matatu biyu a Kennetpans da Kilbagie, duk a cikin gundumar. Suna tace barasa mai yawa suna aikawa Landan, inda ake sake sarrafa ta a mayar da ita barasar da ake kira jin. Masu matatun Landan suka ga ana cinye musu kasuwa, suka kai kuka ga majalisar dokoki. A 1788 aka sauya doka ta yadda hanyar Ingila ta toshe, iyalan Stein suka karye. Tun daga lokacin masu wannan sana'a suka gane cewa alƙalamin jami'in haraji ya fi wutar murhu tasiri a kan arzikinsu.

A 1806 wani mutum mai suna John Moubray ya karɓi wani tsohon gidan niƙa a bakin kogin Devon ya mayar da shi matata. Da tukwanen jan ƙarfe ya fara, kamar kowa. A wancan zamani matatun ɓoye sun cika tsaunuka saboda tsananin haraji, kuma mai biyan haraji da gaskiya da ƙyar yake kai labari. A 1823 majalisa ta yi sabuwar doka wadda ta rage harajin, ta kuma tsayar da kuɗin lasisi a kan fam 10. Masu tatar ɓoye da yawa suka fito fili suka yi rajista. Kasuwa ta cika da masu gasa, kuma wanda yake son ya tsira dole ya nemi hanyar rage kuɗin aiki.

Tukunyar da ba ta hutawa

Amsar ta fito ne daga maƙwabta. A ƙarshen shekarun 1820 Robert Stein na Kilbagie ya ƙera injin tata mai aiki ba tsayawa, kuma ɗan'uwansa John Haig na matatar Cameronbridge yana cikin waɗanda suka fara gwada shi. A 1830 wani mutumin Ailan mai suna Aeneas Coffey, wanda ya taɓa zama babban sufeton harajin barasa a ƙasarsu, ya yi rajistar wani inji da ya fi na Stein sauƙi da inganci. Manyan masu matatun Dublin suka yi watsi da shi, suna ganin yana kashe ɗanɗano. Mutanen kudancin Sikotilan kuwa suka rungume shi hannu bibbiyu.

Injin Coffey hasumiya biyu ne dogaye a tsaye, kowace an rarraba cikinta da farantan jan ƙarfe masu huji-huji. Tsimi mai sanyi yana shiga ta wani bututu da ya naɗe a cikin hasumiya ta biyu, yana ɗaukar zafi a hanya, sannan a zubo shi daga ƙolin ta farko. Yana gangarowa daga faranti zuwa faranti, tururi yana tasowa daga ƙasa yana tsame barasar da ke cikinsa. Wannan tururi sai ya shiga hasumiya ta biyu ta gindi, yana hawa yana haɗuwa da sanyin bututun nan. Ruwa da sauran abubuwa masu nauyi su koma ƙasa, barasa zalla ta kai sama a tare ta. Hikimar ita ce zafi ɗaya yana aiki biyu: tururin yana ɗumama tsimin, tsimin yana sanyaya tururin. Tukunyar gargajiya takan ba da barasa mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari ko kusa da haka, injin Coffey kuwa yana kaiwa wajen kashi 94, kuma muddin ana zuba masa tsimi ba ya tsayawa.

A 1836 Cambus ta koma tatar wiskin hatsi da injin Stein. A 1851, a zamanin Robert Moubray, aka kafa injin Coffey. Tsakanin waɗannan shekaru biyu wani abu ya faru a majalisa wanda ya ƙara wa matatun hatsi ƙarfi: a 1846 aka soke dokokin da suke tsawwala haraji a kan hatsin waje, masara mai araha ta fara shigowa daga ƙetare. Layin dogo ma ya iso yankin a tsakiyar ƙarnin, kwal da hatsi suna shigowa, ganguna suna fita.

Haɗi da haɗaka

Sabon injin ya zo da tasa matsalar. Barasa ta yi yawa, farashi yana faɗuwa, kuma ita kaɗai ba ta da ɗanɗanon da zai jawo mai saye. A 1856 wasu manyan matatun hatsi shida, har da Cambus, suka ƙulla yarjejeniyar raba kasuwa a tsakaninsu domin kada su kashe juna da gasa. Irin waɗannan yarjejeniyoyi ba su cika daɗewa ba, domin kowa yana da injin da ba ya son a kashe.

Mafita ta zo daga masu shaguna. Wiskin tsiro na tsaunuka ya yi wa mutanen Ingila kauri, na hatsi kuma ya yi salaf. Ƴan kasuwa irin su Andrew Usher na Edinbara suka lura cewa in aka gauraya su biyun ana samun abin sha mai laushi, mai araha, wanda ɗanɗanonsa ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara. A 1860, lokacin da William Gladstone yake ministan kuɗi, doka ta halatta a yi wannan haɗi a cikin rumbunan ajiya kafin a biya haraji. Gidaje irin su Walker na Kilmarnock da Dewar na Perth suka tashi a kan wannan sana'a. Sa'a kuma ta faɗo musu daga Faransa, inda wani ƙwaro mai cin saiwa ya halaka gonakin inabi daga shekarun 1860 zuwa na 1880. Birandi, wanda masu hannu da shuni na Ingila suka saba da shi, ya yi tsada ya yi wuyar samu, haɗaɗɗen wiski ya maye gurbinsa.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1877 matatun hatsi shida suka daina yarjejeniyar baki, suka narke cikin kamfani guda mai suna Distillers Company Limited, wanda aka fi sani da DCL. Su ne Cambus da Cameronbridge da Carsebridge da Glenochil da Kirkliston da Port Dundas. Uku daga cikinsu, wato Cambus da Carsebridge da Glenochil, duk a gundumar Clackmannanshire suke. Lokacin da marubucin nan Alfred Barnard ya zagaya matatun Birtaniya a tsakiyar shekarun 1880, ya tarar Cambus tana fitar da kusan galan miliyan ɗaya a shekara.

Wannan haɗaka ta sauya matsayin Cambus ta hanya biyu. Ta daina zama gidan iyali mai cin gashin kansa, ta zama layi ɗaya a cikin littafin lissafin babban kamfani. Wiskinta kuma yana tafiya cikin kwalabe masu ɗauke da sunayen wasu. Mai shan haɗaɗɗen wiski a Landan ko Bombay yana iya shan na Cambus shekara da shekaru bai taɓa jin sunan ƙauyen ba.

Shekarun 1890 shekarun annashuwa ne, kowa yana gina matata, bankuna suna ba da bashi ba tunani. Kamfanin ƴan'uwa biyu, Robert da Walter Pattison na garin Leith, ya fi kowa almubazzaranci da talla, har aku suka riƙa raba wa masu shaguna bayan an koya musu kiran sunan kamfanin. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a watan Disamba na 1898 kamfanin ya durƙushe, aka gano an kumbura lissafi, kuma a 1901 aka ɗaure su biyun. Farashi ya rushe, matatu da dama suka mutu. DCL, a ƙarƙashin jagorancin William Ross, ya ɗauki wata manufa da zai daɗe a kanta: ya sayi matatar da ta raunana, in babu bukatarta ya rufe ta domin kasuwa ta daidaita. Cambus tana cikin masu cin moriyar wannan manufa a lokacin.

Shari'ar "Mene ne wiski?"

Masu tukunyar gargajiya ba su taɓa yarda cewa abin da yake fitowa daga injin Coffey ya cancanci sunan wiski ba. Tun a ƙarshen shekarun 1870 manyan gidajen Dublin suke yaɗa rubuce-rubuce suna kiransa bebiyar barasa, wato wadda ba ta iya faɗin daga inda ta fito. Masu matatun tsaunukan Sikotilan ma suna da nasu ƙorafin, domin wasu masu haɗi sukan zuba ɗan wiskin tsiro kaɗan a cikin na hatsi mai yawa, su manna wa kwalbar sunan tsaunuka.

A watan Nuwamba na 1905 majalisar ƙaramar hukumar Islington da ke Landan ta gurfanar da wasu masu sayar da barasa biyu a gaban kotu. Tuhumar, a ƙarƙashin dokar sayar da abinci da magunguna ta 1875, ita ce an nemi wiski a wurinsu sun ba da abin da ba shi ba ne, domin akasarin abin da ke cikin kwalaben daga injin hasumiya ya fito. A farkon 1906 alƙalin majistare ya same su da laifi. Tarar ba ta da yawa, amma ma'anar hukuncin ta girgiza masana'antar baki ɗaya. In wiskin hatsi ba wiski ba ne, to haɗaɗɗen wiski ma ba wiski ba ne, kuma dukiyar DCL da ta duk masu haɗi tana kan siraɗi. Aka ɗaukaka ƙara, alƙalan suka rabu gida biyu daidai wa daida, magana ta tsaya cik.

A wannan tsaka mai wuya ne DCL ya fito da Cambus fili. A 1906 kamfanin ya buga talla a jaridar Daily Mail yana tallata wiskin Cambus zalla, mai shekara bakwai a ganga, ba a gauraya shi da komai ba. Tallar ba ta ɓoye asalinsa ba, ta faɗa ƙarara cewa ba daga tukunyar gargajiya ya fito ba, ta kuma yi iƙirarin cewa babu ciwon kai a cikin galan guda nasa. Wannan iƙirari cika bakin ƴan talla ne, domin barasa barasa ce ko daga wace tukunya ta fito. Amma manufar a fili take: a sa jama'a su ɗanɗana da kansu su ga cewa abin da ake kira bebe yana da murya in ya daɗe a ganga.

Da ɓangarorin biyu suka matsa, gwamnati ta kafa hukumar bincike ta Sarki a 1908, a ƙarƙashin Lord James na Hereford. Ta saurari shaidu fiye da ɗari, daga likitoci da masana sinadarai zuwa masu matatu da ƴan kasuwa. A watan Yuli na 1909 ta fitar da rahotonta. Ta ce wiski barasa ce da aka tace daga damammen hatsi wanda tsiron sha'ir ya fitar da sukarinsa, kuma wiskin Sikotilan shi ne wanda aka tace a Sikotilan. Ba ta ɗaure sunan da siffar tukunya ba, ba ta kuma ƙayyade yawan wiskin tsiro da za a sa a haɗi ba. Ɓangaren hatsi ya yi nasara cikakkiya. Ga mai nazarin harshe, abin lura shi ne hukumar ta bi yadda jama'a da kasuwa suke amfani da kalmar, ta bar yadda masu gargajiya suke so a yi amfani da ita. Da ƙura ta lafa, Cambus ta koma babban aikinta na ciyar da masu haɗi, sunanta ya sake nutsewa a bayan sunayen wasu.

Gobara da shekarun shiru

Murnar ba ta daɗe ba. A cikin shekarar ta 1909 ministan kuɗi David Lloyd George ya ɗaga harajin galan daga sule 11 zuwa sule 14 da nai, wato kwabo 9. A watan Satumba na 1914, makonni kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gobara ta cinye mafi yawan gine-ginen aiki na Cambus. Gobara ba baƙuwa ba ce a wurin da ƙurar hatsi da tururin barasa suke zaune tare. Abin mamakin shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ba a sake ginin ba: shekara 23.

Dalilan suna da yawa. Lokacin yaƙi gwamnati ta taƙaita tatar barasa domin a tanadi hatsi, ta karkata wasu matatun hatsi zuwa samar da barasar masana'antu don haɗa makamai. Dokar 1915 ta hana sayar da ɗanyen wiski, kuma daga ita ne ƙa'idar ajiye shi aƙalla shekara uku a ganga ta samo tushe. Zuwa 1920 haraji ya kai sule 72 da sisi a kan galan. A shekarar nan kuma Amurka ta haramta barasa baki ɗaya, haramcin da ya kai har 1933, ga shi karayar tattalin arzikin duniya ta biyo baya daga 1929. DCL yana da injuna fiye da bukatarsa. Ya rufe Kirkliston a 1920, ya dakatar da tata a Glenochil a 1929. A irin wannan hali babu mai kashe kuɗi ya tayar da matatar da wuta ta riga ta kashe masa kyauta. Rumbunan ajiya kawai aka ci gaba da amfani da su.

Kamfanin kansa kuwa ƙara girma yake yi. A 1925 manyan gidajen haɗi, wato Walker da Dewar da Buchanan, suka shigo cikinsa, mai tata da mai saye suka zama abu ɗaya. Da kasuwar Amurka ta sake buɗewa, aka sake gina Cambus a 1937. Ba ta jima da fara aiki ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka sake kashe wuta, sai wajen ƙarshen yaƙin aka hura.

Bunƙasa da tafkin wiski

Bayan 1945 Birtaniya ta fito daga yaƙi da bashi a wuya, tana neman dalar Amurka ido rufe. Wiski ya zama ɗaya daga cikin kayan da suke kawo ta, gwamnati ta ƙarfafa fitar da shi waje. Shekara talatin kasuwa tana hawa. A Cambus aka ƙara sassan da suke cin moriyar abin da a da ake zubarwa: ana tara iskar da take tashi daga tsimi a sayar wa masana'antu, ana busar da dusar hatsin da aka tatse a yi abincin shanu.

Amma riba tana jawo abokan gasa. A ƙarshen shekarun 1950 aka buɗe wata matatar hatsi mai suna North of Scotland a cikin ƙauyen Cambus ɗin kansa. Invergordon ta fara aiki a 1961, Girvan a 1963, dukkansu sababbi, a kan fili mai faɗi, da tsarin zamani tun daga tushe.

Wiski yana da wata ɗabi'a da take wahalar da mai lissafi. Abin da aka tace yau ba za a sayar da shi ba sai bayan shekara uku aƙalla, wani sai goma sha biyu ko fiye. Dole mai matata ya yi hasashen ƙishirwar mutane ta shekaru masu zuwa. A shekarun 1970 an yi hasashen cewa hawan zai ci gaba, aka cika rumbuna. Sai ga tashin farashin man fetur na 1973 da na 1979, ga koma bayan tattalin arziki, ga kuma matasan Amurka da Turai sun karkata ga bodka da ruwan inabi. Ganguna suka taru ba mai saye, har ƴan jarida suka raɗa wa rarar suna tafkin wiski. North of Scotland ta rufe a 1980. A 1983 DCL ya rufe matatu da dama a lokaci guda, ciki har da Port Ellen da Brora na wiskin tsiro, da kuma Carsebridge ta Alloa, ƙawar Cambus tun ranar kafa kamfanin. Gemun maƙwabci ya kama wuta.

Rufewa

DCL da ya saba haɗiye wasu, shi ma aka haɗiye shi. A 1986, bayan zazzafar takara da kamfanin Argyll, kamfanin Guinness ya saye shi a kan kuɗi fiye da fam biliyan 2. Daga baya aka gano an yi maguɗi wajen ɗaga farashin hannun jarin Guinness a lokacin cinikin, kuma a 1990 kotu ta ɗaure shugabansa Ernest Saunders. Sashen barasar ya koma amsa sunan United Distillers. Sababbin masu gida suka duba littafin lissafi da idon da ba shi da tsohuwar zumunta. A 1988 suka rufe babbar matatar Caledonian ta Edinbara. A 1993 layi ya zo kan Cambus.

Ba a rufe ta don wiskinta ya lalace ba, masu haɗi suna yaba shi. Hujjar ita ce wadda John Moubray da zuriyarsa suka bi tun 1836: a tace mai yawa a kan kuɗi kaɗan. Injin hasumiya ya fi riba in ya fi girma, kuma matata ɗaya ƙatuwa ta fi uku matsakaita sauƙin ɗawainiya. Kamfanin ya zaɓi ya tattara ƙarfinsa a Cameronbridge da Port Dundas. A 1997 Guinness ya haɗe da Grand Metropolitan aka sami Diageo, kuma a 2010 ita ma Port Dundas ta Gilasgo ta bi sahu. Cikin matatu shidan da suka kafa DCL a 1877, Cameronbridge kaɗai ce take tata a yau.

In aka kwatanta da matatun tsiro za a ga inda bambancin yake. Rosebank, wadda aka rufe a shekara ɗaya da Cambus, ta sake fara tata a 2023. Brora ta dawo a 2021, Port Ellen a 2024. Waɗannan an tayar da su ne domin sunansu da kansa kadara ne, masu saye suna neman ɗanɗanon wannan wuri takamaimai. Matatar hatsi kuwa an gina ta ne domin ta zama shimfiɗar da ake ɗora ɗanɗanon wasu a kai, kuma shimfiɗa tana da sauƙin musanyawa.

Kammalawa

Filin Cambus bai zama kufai ba. An cire injunan tata, amma a 2011 Diageo ya buɗe babbar masana'antar ganguna a wurin, inda ake gyarawa da sake haɗa gangunan itacen oak da sauran matatun kamfanin suke amfani da su. Kusa da nan kuma ga rumbunan Blackgrange, inda ɗimbin ganguna suke kwance suna jiran lokacinsu. Sana'ar ba ta bar ƙauyen ba, sai dai wiskin da yake shiga gangunan na wasu wurare ne.

Nasarar 1909 ma tana nan daram. Ƙa'idojin wiskin Sikotilan na 2009, shekara ɗari cif bayan rahoton hukumar, sun lissafa wiskin hatsi na matata guda a matsayin ɗaya daga cikin nau'o'i biyar da doka ta amince da su, wato daidai abin da aka tallata da sunan Cambus a 1906. Har yau mafi yawan wiskin Sikotilan da ake sayarwa a duniya haɗaɗɗe ne, kuma kaso mafi tsoka na cikinsa daga injin hasumiya yake fitowa.

Ragowar gangunan Cambus suna nan jefi-jefi a hannun ƴan kasuwa masu zuba tsohon wiski a kwalba. A 2016 Diageo da kansa ya fitar da wani mai shekara 40, wanda aka tace a 1975, da sunan matatar a jikin kwalbar, aka sayar da shi da tsadar da masu zuba shi a haɗi a da ba su taɓa mafarki ba. Gangar itace tana numfashi, kuma a yanayin Sikotilan wajen kashi 2 cikin ɗari na abin da ke cikinta yana tashi iska kowace shekara, abin da masu sana'ar suke kira rabon mala'iku. Tun 1993 ba a ƙara ɗigo ɗaya a kan abin da Cambus ta bari ba.